Kin Yi Numfashi

"Kin yi numfashi," in ji tsohon, ya miƙo mata kyamarar daga kan gado.

Tela ta karɓa, ta sake duba ɗan gilashin da ke bayanta. Babu abin da ya fito sai wani fari-fari mai hazo a tsakiyar kore. Gwiwoyinta duk ƙasa, bayanta na ciwo, ga ɗinkin mutane ta baro a kan keke.

"Baba, ni fa mai rai ce. Ya za a yi in ƙi numfashi?"

Ya so ya yi dariya, tari ya tare ta a hanya. 'Yarsa ta shigo da sauri, ta gyara masa robar iskar da ke hancinsa, ta harari Tela kamar ita ta kawo ciwon.

Gajeriyar katanga ce kawai tsakanin gidan Tela da nasa. Duk layin Baban Gizo ake ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a. Tun da ya rufe shagon hoto ya daina ɗaukar mutane, ya ce ya gaji da masu cewa a rage musu tumbi a ƙara musu haske. Ya koma lambun bayan gidansa, kullum da safe yana rarrafe a ƙarƙashin shuke-shuke da wata kyamara mai dogon baki, wadda ke mai da gizo-gizo kamar akuya. Ita kuwa Tela, a da, tsakaninta da gizo-gizo sai tsintsiya. Ranar da ya fara nuna mata fuskar wani ta kan katanga, idanu a jere suna ƙyalli kamar maɓallan riga, ta ce a'uzubillahi, ta mayar masa da abinsa. Washegari ita da kanta ta ce ya sake nuna mata.

Bana wata babbar gizo-gizo mai ɗigon rawaya ta yi saƙa a gindin lemonsa, ta ɗaure ƙwanta cikin wani ɗan ƙunshi mai kama da auduga a ƙarƙashin ganye, sannan ta mutu. Shekara da shekaru tsohon yana son ya ɗauki 'ya'yan a lokacin da suke fitowa, kullum sai ya tarar sun watse. Wannan karon ya rantse ba za su kuɓuce masa ba. Sai huhunsa ya ƙi ba shi haɗin kai.

Irin wannan hoton, bakin kyamara kusan taɓa abin yake yi. Ka ɗan matsa gaba ko baya, hoto ya ɓace. Ka huci, saƙar ta kaɗa. Dole mutum ya ɗauke numfashi kafin ya danna, shi kuwa tsohon numfashin ne ya zama abin lallaɓawa. Shi ya sa ya aika aka kira Tela.

"Ke da kike zura zare a allura ba tabarau," ya ce mata, "wannan ai wasa ne."

Ba wasa ba ne. Kowace safiya takan tsallako, ta durƙusa a gindin lemon, ta gwada hannunta a kan ƙunshin, ta kai masa. Yakan kawo kyamarar dab da idonsa, ya girgiza kai. Haushi ya ishe ta, na kanta da na kyamarar da na gizo-gizon da suka ƙi fitowa. Amma abin da ya fi cin ranta shi ne kullum sai ta tarar da shi ya fi jiya nutsewa cikin katifa, ba ta kuma da abin da za ta yi masa.

Wata safiya 'yar ta tare ta a bakin kicin.

"Anti, don Allah ki daina biye masa. Likita ya ce a bar shi ya huta."

"To in na daina zuwa, me zai jira?"

 'Yar ta juya ta hau wanke kofin da ta riga ta wanke.

A ɗaki tsohon ya tambaya, "Sun fito?"

"Tukuna."

"Ƙunshin ya yi duhu?"

"Ya yi, Baba."

"To sun kusa." Ya huta. "Ni ma."

"Ka bar wannan maganar, ba na so."

Ya ɗaga yatsa, alamar ta matso. Maganar tasa yanzu guntu-guntu take fitowa, sai ya tsaya ya nemo iska kafin ya ɗora.

"Kuskurenki, cika ƙirji kike yi ki riƙe. Jiki sai ya yi rawa. Ki fitar, ki tsaya. Akwai ɗan wuri tsakanin fita da shiga. A nan ake ɗauka."

"Ni ban taɓa jin wannan wurin ba."

"Za ki ji. Ni yanzu can nake yini."

Ta koma gida ta zauna a kan keke, ta ɗinke hannun riga a baibai, ta warware, ta sake ɗinke shi a baibai.

Safiyar da suka fito, akwai raɓa. Tela ta ɗaga ganyen a hankali kamar kullum, ta ga ƙunshin ya huje. A jikinsa wani abu mai kama da garin zinariya ya taru guri ɗaya yana motsi. 'Ya'yan ne, ba su ƙirguwa, kowanne bai kai kan allura ba.

"Baba!" ta ƙwala kira wajen tagar ɗakinsa. "Sun fito!"

'Yar ce ta leƙo, idanunta jawur. "Yana jin ki, Anti. Yi sauri."

Tela ta durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta danna, ta duba, hazo. Ta sake, hazo.  Ta fitar da numfashi ta tsaya kamar yadda ya ce, amma kafin ta danna sai ya ƙwace mata. Na gefe sun fara rabuwa da 'yan'uwansu, suna bin zare zuwa sama. Ta ce, "Ku tsaya mana, don girman Allah," kamar masu jin magana ne. Ta share ido da bakin zani, ta mayar da fuska jikin kyamara.

Daga ɗakin ta ji muryar 'yar, can ƙasa-ƙasa. "Baba?" Sannan da ƙarfi, "Baba!"

Numfashin Tela ya tsaya cak. Yatsanta ya danna, ba ta ma san ya danna ba.

Da ta shiga, 'yar na durƙushe ta kifa kai a gefen katifa tana ta maimaita innalillahi. Injin iskar na nan yana hucinsa, robar tana kan kumatunsa. Tela ta miƙa hannu ta kashe shi, ɗakin ya yi tsit. Ta zauna a kujerar da ta saba zama, kyamarar a cinyarta.

Sabo ne ya sa ta duba. Ga su nan tar, kowanne da siraran ƙafafunsa, har da ɗigon raɓa a kan zare da ganyen lemo a cikinsa a kife. Kafin ta tuna, ta riga ta juya kyamarar wajen gadon.

'Yar ta ɗago kai. "Ya fito?"

"Ya fito," in ji Tela.

Ta ajiye kyamarar a kan matashi kusa da fuskarsa, inda ya saba kawo ta. Ɗan gilashin ya ci gaba da haske na ɗan lokaci, sannan ya mutu da kansa. A waje rana ta hau kan katanga, wasu siraran zaruruwa suna ƙyalli, iska na ɗauke su zuwa gidan Tela.