Inuwar Kaka a Gonar Masara

A wani ƙauye kusa da garin Purnia akwai gida mai mutum uku: tsoho Ramashish, matar ɗansa Phulo, da jikarsa Sunaina, 'yar shekara goma sha ɗaya. Uban yarinyar yana aikin masaƙa can a birnin Ludhiana. Suna da gonar masarar rani, suna da ruwan famfo, amma takin yuriya rabin buhu kawai suka samu a shekarar, bayan Phulo ta yi kwana biyu tana bin layi. In ya ƙare, babu wani.

Malamar gona ta ba su wani ɗan kati na roba mai launin kore kala-kala, daga mai haske zuwa mai duhu. Ta ce a ɗora ganyen masara a kai. In ganyen ya fi launin tsakiya haske, a zuba taki kaɗan. In ba haka ba a jira, domin wanda masara ba ta ci ba ruwa ne ke tafiya da shi. Ta kuma ce mai dubawa ya juya wa rana baya, inuwarsa ta rufe ganyen, saboda haske yana ruɗin ido.

Ramashish ya yarda da komai ban da na ƙarshen. Shekara sittin yana gaishe da rana kowace safiya da ruwa a tafin hannu, bai ga dalilin ba ta ƙeya saboda ɗan roba ba. Da safe a gona ya fuskance ta, ya ɗaga ganye. Duk wanda ya duba sai ya ga ya koɗe. Ya ce masara na jin yunwa, a kawo takin a watsa shi duka kafin a saki ruwa.

Phulo ba ta musu da surukinta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta nufi gida ɗauko takin tana jan ƙafa, irin tafiyar da ba a taɓa ganin mai lafiya ya yi irinta ba.

Sunaina ta karɓi katin, ta zaga bayan tsohon ta tsuguna.

"Kaka, ci gaba da gaisuwarka. Kada ka motsa."

"Ja'ira, turke kika mai da ni?"

"Turke ya fi ka kauri, amma za a yi haƙuri."

A inuwarsa ta ɗora ganye a kan katin. Kore ne shar. Haka suka bi gonar, shi a tsaye yana kallon gabas yana mita, ita a bayansa tana ƙirga. Cikin ganye goma, biyu ne suka koɗe, duka a gefen da ke kusa da wasu itatuwan gora.

Da Phulo ta iso da buhun, kwano biyu aka ɗiba aka zuba a gindin masarar wannan gefe. Ramashish ya ɗaure bakin buhun da kansa, ya ce dama haka ya yi niyya.

Sunaina ta gane cewa ba duk masarar ce ke jin yunwa a rana ɗaya ba, kuma takinsu zai kai su har lokacin fitar goyo.