Akwatin Ƙarfe Ranar Intabiyu

Ni mai walda ne, ciwonmu kuwa ɗaya ne: duk abin da muke so, sai mun kewaye shi da ƙarfe. Ku san da wannan kafin ku yanke mini hukunci.

Maman yara ta yi wata tara tana kwas ɗin sadarwa a waya, tsakanin wanki da girki. Shekara goma sha biyu rabonta da aiki, tun haihuwar fari. Gidanmu ya koma aji. Ina cin abinci ana koya mini cewa furotokol ƙa'ida ce da na'urori suka amince da ita, kamar gaisuwa kafin magana. Wai kowace na'ura da adireshinta, saƙo kuma ba ya tafiya ɗungurungum, gutsi-gutsi ake tura shi, a haɗe a can. Ni dai "to" nake cewa ina kai loma.

Sai wani kamfanin intanet ya kira ta intabiyu ta bidiyo, ranar Talata ƙarfe goma. Gurbi ɗaya ne tak, na mai amsa kiran kwastomomi idan layinsu ya sami matsala. Ta ƙwallafa rai a aikin nan har abinci ya daina shiga.

Ni abin da ya tsaya mini a rai rauta ce, 'yar na'urar da ke raba waifai a gidan. A kan teburin falo take, autarmu kuwa ba ta da sana'a sai jan wayar wutar rautar. Ran Litinin na ture aikin mutane na ƙera akwati mai kauri, da murfi da sakata, na fesa masa shuɗin fenti. Da safe tana wanka na kafa shi a bango, na saka rautar na rufe ruf. Ban gaya mata ba, so nake ta gani ta yaba.

Ƙarfe goma ta shiga ɗaki da kwamfuta, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa. Ko gaisuwa ba a gama ba murya ta fara yankewa. Sai "kina jin mu?" nake ji, sai shiru. Wallahi ban kawo akwatina a rai ba.

Ita ko gezau. Ta mayar da kiran kan datar wayarta, ta nemi minti biyu, tana faɗa musu abin da take dubawa ɗaya bayan ɗaya. Wuta akwai, kuɗin layi bai ƙare ba, amma sigina sanda ɗaya ce a inda kullum take cike, don haka matsalar tana tsakanin rauta da ɗaki. Ta fito riƙe da waya, ta wuce ni, ta yi turus a gaban bango. Kallon da ta yi mini har yau ina jin sa a ƙeya. Ta zare sakata, sigina ta cika fal.

Ashe kyamara na kallon komai. Shugabar masu tambayar ta ce, da kwastoma ne ya yi haka, me za ta ce masa?

"Zan fara yaba masa waldar, don ta yi kyau," in ji maman yara. "Sannan in gaya masa a hankali cewa ƙarfe yana tare sigina."

Dariyarsu har waya na rawa. Ni da ƙasa za ta tsage da na shige, amma daɗi ya fi kunyar yawa.

Sun ce a ƙa'ida sai bayan mako suke ba da amsa, amma ko za ta iya farawa ran Litinin? Ta ce za ta iya, cikin natsuwa. Ta kashe wayar, ta ajiye a hankali, sai ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka tana dariya. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Baban yara, daga Litinin kai za ka riƙa kai su makaranta," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Ni ma yanzu ina da wurin zuwa."