Ranar Da Aka Kashe Firiza

A wurin aiki Uwar Firiza suke ce mata, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Ita ce mai makullin ɗakin ƙarshe a ginin gwajin jini, inda wata ƙatuwar firiza take gurnani ba hutu, cike da 'yan kwalaben jinin da aka ɗiba a jikin marasa lafiya lokacin annoba. In aka ɗauke wuta, kafin kowa ya ce tak ta isa wurin mai janareta ta tsaya masa a ka, har sai ya tayar.

Kowa ya san dalili, sai dai ba mai faɗa. Mijinta direban motar asibiti ne, yana cikin waɗanda annobar ta kwashe tun da farko. Ita da hannunta ta ɗebi jininsa ranar da aka kwantar da shi. Da ya cika, masu fararen kaya suka sa shi a jaka, suka tafi da shi tare da wasu. Ba ta ga fuskarsa ba, ba a nuna mata kabari ba. Da ta je tambaya daga baya, wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma, ƙarshe aka ba ta haƙuri. Abin da ya rage mata na jikinsa kwalba ce guda, ba ta kai ɗan yatsa ba, a akwati na sama ta hannun hagu.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa surukarta. Tun daga ranar, duk yamma in ta dawo gida, kafin ta cire takalmi tsohuwar za ta ɗago daga kan kujerarta ta bakin taga.

"Yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Cikin sanyin?"

"Cikin sanyin."

"Allah sarki. Yaron da ko fanka ba ya yarda a kunna masa."

Daga nan sai a shiga zancen tsadar gas da ciwon gwiwa. Shekaru aka yi ana haka.

Sai ga umarni ya zo daga sama. Ƙasashe sun yi yarjejeniya cewa ba za a bar miyagun ƙwayoyin cuta a ƙananan ɗakunan gwaji ba, kada wani marar imani ya fasa ƙofa ya kwashe, ya mai da su makami. Duk abin da ke firizar nan za a dafa shi a tukunyar tururi har ƙwayoyin su mutu, sannan a ƙone, kuma za a turo jami'a daga waje ta gani da idonta. Shugaban wurin, wanda ya shekara yana cewa babu kuɗin gyaran ƙofar ɗakin, nan da nan ya sa aka yi fenti, aka saka sabon kwaɗo mai ƙyalli, don baƙuwa ta ga yadda ake tsaron abin da za a ƙone.

A taron ma'aikata duk aka riƙa satar kallon Uwar Firiza. Ita kuwa ƙusar da ta fito a gefen tebur take kallo. Ta nemi baƙin ciki a ranta ba ta samu ba, ta nemi fushi babu. Abin da kawai ta tuna shi ne safar hannu ta kusa ƙarewa, sai ta ɗaga hannu ta faɗi haka. Shugaba ya ce za a kawo. A gida ba ta ce wa Inna komai ba.

Jami'ar ta iso da safe, siririyar mace mai furfura, da alama ta gaji da jirgi da otal. Ta gaisa da kowa, ta ce ta yi irin wannan aiki a wurare da yawa, ta san ba daɗi gare shi ba. Ba ta san komai game da akwatin sama ba, kuma ba wanda ya gaya mata. Aka ajiye mata kujera a bayan tagar gilashi, inda za ta riƙa hango ɗakin.

Ƙa'idar aikin ita ce mutum biyu ke shiga, kuma ba kwalbar da za ta wuce sai da baki biyu. Mai ɗauka ya jefa ta cikin jakar roba ya ce, "Na sa." Na biyun ya duba ya ce, "Na gani." Na biyun nan Dogo ne, abokin aikinta, mutumin da ko a zaman makoki sai ya ba wani dariya. Yana ta kokawa da rigar kariya da ta tsaya masa a ƙauri.

"Wannan riga ta ƙanena ce aka ba ni," in ji shi. "In ƙwayar cuta ta ga idon sawuna, ai ta samu ƙofa."

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai sa rai ba. Suka sa takunkumi da gilashin ido, ta buɗe firiza, farin hayaƙin sanyi ya zubo musu a ƙafa.

Daga ƙasa ta fara. Na sa. Na gani. Na sa. Na gani. Bakinta yana faɗa, hannunta yana yi, ita kamar tana tsaye a gefe tana kallon wata mata tana aiki. Yatsunta suka daskare cikin safa. Ta ji cikin Dogo yana kuka, ta tuna ita ma ba ta karya ba. Jaka ta cika, suka ɗaure, suka buɗe wata, har aka zo akwatin sama.

Ba sai ta nema ba. Rubutun hannunta ne a jikin kwalbar, ya ɗan karkace. Jinin ya yi baƙi ya ƙanƙare. Ta ɗauko ta riƙe.

Dogo ya matsa, ya sa faɗin bayansa tsakaninta da tagar gilashi. Ya ɗaga kai yana kallon silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Na gani," ya ce.

Ba ta ce ta sa ba tukuna. Kwalbar tana tafin hannunta, bakin safarta kuma a buɗe yake, turawa ɗaya ta isa ta ɓoye ta a ciki. Ta gane abin da ya yi. Mutumin nan ya ajiye aikinsa da abincin 'ya'yansa a gabanta, ya kau da kai.

Ta jira zuciyarta ta ce wani abu, shiru. Sai firjin gidansu ya faɗo mata a rai, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare da kujera. Ta tuna yadda ake ɗauke musu wuta yini guda komai ya narke, da 'ya'yan maƙwabta da ke shigowa ba sallama su buɗe su ɗauki ruwan sanyi. Ta tuna hannun Inna yana lalube a ciki. Abin da ya kashe mijinta yana nan cikin kwalbar tare da shi, barci kawai yake yi.

"Dogo, juyo."

"Na ce na gani."

"Ba ka gani ba. Juyo ka kalla."

Ya juyo a hankali. Gilashin idonsa ya yi tururi, ba ta ga idanunsa ba. Ta buɗe hannu, kwalbar ta faɗa kan 'yan'uwanta da wata 'yar ƙara.

"Na sa."

Ya leƙa cikin jakar. "Na gani."

Jami'ar ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya da hannu ko lafiya. Uwar Firiza ta ɗaga mata babban yatsa, ta ɗauko kwalba ta gaba.

Tukunyar tururi ta yi aikinta, injin ƙona shara ya yi nasa. Shugaba ya ɗauki hoto da baƙuwa, sannan ya ce ai Uwar Firiza ce ta cancanci zare wayar firizar. Ta zare. Gurnanin da ta saba ji tun daga bakin ƙofa ya tsaya, ɗakin ya yi wani irin shiru har tana jin famfo yana ɗiga a ɗakin kusa.

Da la'asar mai shara ya turo tokar a baro. Ba wanda ya ce ta bi shi, ƙafarta ce kawai ta bi. A bayan gini aka haƙa rami, jikin katanga, kusa da tankin ruwa. Ya juye, ya mai da ƙasa, ya daddanna da bayan shebur. Tokar mutane da yawa ce a haɗe, kamar yadda aka haɗa gawarwakin a wancan karon. Ta tsaya har ya gama, ta ɗauko wani rabin bulo ta ajiye a kai. Mai shara ya dube ta, ya dubi bulon, ya tura baronsa ya tafi.

A motar haya ta zauna a gefen taga. Aka yi rigimar canji, wani yaro ya yi amai, duk tana ji kamar daga nesa.

Inna tana kan kujerarta.

"Yana nan?"

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Amsar kullum ta zo bakinta, ta haɗiye.

"An binne shi yau, Inna."

Tsohuwar ta dube ta. Can ta ce, "A ina?"

"Bayan wurin aikinmu. Jikin katanga, kusa da tanki."

"Ce miki aka yi, ko kin gani?"

"Na gani. Ina tsaye. Na sa bulo a kai."

Inna ta gyaɗa kai, ta gyara zanenta a kan gwiwa.

"Rana tana kaiwa wurin?"

"Tana kaiwa."

"To, madalla. Ya sha sanyi, bawan Allah." Ta laluba gefen kujera ta jawo sandarta ta ɗora a cinya. "Gobe in za ki fita, ki tashe ni. Ki nemo min takalmin nan nawa mai taushi."

Uwar Firiza ta durƙusa don ta duba ƙarƙashin gado. Ta ga takalmin, ta miƙa hannu, sai ta kasa tashi. A nan ƙasa kukan ya same ta.