Madubin Mudi da Butar Gogo

Ni dai amalanke gare ni da sa guda mai taurin kai, kuma da an bar ni a kan sana'ata da ban shiga wannan shirgi ba. Sunana Bakari. Shekara ashirin ina ɗaukar gero da wake daga gonakin Gidan Sori, kuma duk shekara, ranar duban watan azumi, ni ke kai Tsoho da matarsa Gogo kan jigawar da ke yamma da gari.

Tsoho shi ne mai duban wata a wajenmu. Ubansa ya yi, kakansa ya yi. Radiyo ya faɗi abin da ya ga dama daga Yamai, mu nan ba a buga ganga sai Tsoho ya miƙa yatsa sama ya ce ga shi can. Abin da gari bai sani ba, ni kuwa na sani don ina tsaye bayansu riƙe da igiyar sa, shi ne shekara bakwai ke nan idon Tsoho ba ya raba akuya da turmi in sun wuce taku uku. Gogo ce ke ganin watan. Takan tsaya gefensa da butar alwala kamar mai jiran a gama a tafi. In ta hango shi sai ta miƙa masa butar, bakinta na kallon inda watan yake. Shi kuma ya shafa bakin butar, ya bi shi da yatsa har sama, gari ya ɗauki kabbara.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mutumin ba shi da gonar kirki, 'ya'yansa duk sun tsallaka iyaka neman abinci, wannan yatsan kaɗai ya sa ake tashi a ba shi tabarma. Ina jin tausayinsa, kuma ban ga wanda aka cuta ba tunda watan dai ana ganinsa.

To sai shekarar nan ta zo da sojoji suka ce za su mayar da mulki hannun farar hula. Gari ya cika da komite. Komitin rijiya, komitin kasuwa, har da komitin sasanta komitoci. Magaji, wani mai sayar da taki da ya taɓa kwana biyu a wani buro, wato ofishin gwamnati, a Gidan Rumji, ya wayi gari shugaban komitin duban wata. A zaman farko ya ce zamanin yin azumi a kan yatsan mutum ɗaya ya wuce, yanzu komai sai da hujja a fili.

Nan Mudi ya miƙe. Mudi mai gyaran moto ne, wato babur, kuma radiyonsa ba ya mutuwa ko yana salla sai dai ya rage murya. Ya ce ya ji Turawa na ƙera wani madubin hangen taurari da za su harba sama, faɗinsa ya fi zauren liman. Ya ce da suka ga ba zai ƙeru guda ɗaya ba sai suka yi shi gutsure goma sha takwas, kowane da ƙusoshinsa a baya da ake murɗawa har duka su kalli abu ɗaya. Da suka ga ba zai shiga kumbo ba sai suka yi masa fukafukai masu naɗewa, in ya isa can ya buɗe da kansa. Kuma suka yi masa rumfa hawa biyar don kada rana ta dame shi.

"Su sai nan da shekaru za su gama," in ji Mudi. "Ni ku ba ni mako uku."

Madubai ba su yi masa wuya ba. Ɗan kabu-kabu a wajenmu ranar da ya sayi moto ranar yake kwance madubanta, wai mai madubi ɗan koyo ne. Mudi na da kwando cike da su a bayan shago. Ya ɗauko ƙarfen tsohon gado ya yi firam, ya jera goma sha takwas a kai. Ya kafa bututun hayaƙin moto a gabansu, ya cusa masa gilashin tabarau na wani mushe, wato malamin makarantar boko, da ya rasu, ya ce nan za a sa ido.

Rannan ya zo ya gwada amalankena da igiya, ya ce in ƙara masa faɗi kamu biyu. Na ce ko yatsa ba zan ƙara ba, in abinsa bai shiga ba ya ɗauka a ka. Na zata zai yi fushi, sai na ga yana murmushi har kunne.

"Haka masu kumbo suka ce wa Turawan," ya ce. Ya koma ya yanke firam ɗin gida uku, ya ɗaure da robar cikin taya, gefe da gefe suna naɗewa kamar fukafukan kaza.

Rigima ta fara ne da aka zo daidaitawa. Jam'iyya bakwai gare mu a lokacin, kowace ta ce sai an ba ta kasonta na madubi. Aka raba bibbiyu, uku suka tafi ga dattawa, ɗaya aka ajiye wa waɗanda ba su yanke shawara ba. Mudi ya auna kukar bakin kasuwa don gwaji, ya leƙa bututu ya ga kuka goma sha takwas. Kwana uku yana murɗa ƙusoshi har suka haɗe suka zama kuka ɗaya. Wakilan jam'iyyu suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya ɗago ransa a ɓace, wai an cinye masa kukarsa. Sai da Magaji ya yi zama biyu kafin aka yarda cewa kukar ta haɗin gwiwa ce.

Rumfar ce ta karya lagon Tsoho. Mudi ya yi ta hawa biyar yadda radiyo ya ce: tabarma, buhun taki, leda, bargo, da zanen uwarsa da ba ta san an ɗauka ba. Ta rufe mai leƙawa ruf. Magaji na ganinta ya tafa hannu ya ce ai wannan ɗakin jefa ƙuri'a ne sak, don haka mutum ɗaya ne zai shiga, ba mai rakiya, ba mai riƙe masa komai. Don girmamawa, ya ce, Baba Tsoho ne zai shiga ya tabbatar wa duniya da idonsa.

Da hantsin ranar duban watan, Tsoho ya lallaɓo har inda nake ba sa dusa. Ya daɗe yana tambayar lafiyar iyali kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Bakari, wanga sa naka ba ya tuntuɓe ne?"

"Yakan yi, Baba, in hanya ta ɓaci."

"To, na ji an ce hanyar bayan makabarta ta ɓaci ƙwarai."

Na gane so yake madubai su farfashe a hanya. Da la'asar aka ɗora abin a naɗe, Tsoho da Gogo suka zauna a gefe, na karya ta bayan makabarta inda ruwan sama ya haƙe ramuka. Wallahi ban bar rami ɗaya ba. Har wanda ke gefen hanya sai da na koma na shiga. Gogo ta riƙe butarta da hannu biyu. Muka isa jigawa, Mudi ya kwance igiya, sai ga madubai lafiya lau a cikin ƙaiƙayin gero da ya cusa tsakaninsu. Ya ce Turawa ma sai sun girgiza nasu kafin su harba, ya gode mini da na yi masa gwajin kyauta. Na ji kamar in shaƙe shi.

Ya saki robar, fukafukan suka buɗe, ɗaya ya mari Magaji a kafaɗa. Aka fuskantar da madubai yamma, aka kafa rumfa, aka ja igiya ta gabas aka zaunar da mutane a bayanta. Abin da Mudi bai duba ba shi ne ramukana sun sassauta ƙusoshin, duk madubai sun ɗan sunkuyar da kai.

Rana ta faɗi. Aka kama hannun Tsoho aka kai shi bakin rumfa, ya shiga, aka saki zanen uwar Mudi a bayansa. Gogo ta ce za ta yi alwala, ta zagaya yamma inda na ɗaure sa, ta tsaya kusa da ni.

Mutum ya fi ɗari uku a kan jigawar nan, sun zo duban wata, kuma ba ko ɗaya da ya ɗaga kai sama. Duk rumfa suke kallo. Ni na ɗaga. Ga shi can sama da gonar liman, siriri kamar yankan farce. Gogo ta riga ni gani. Ta miƙa butar gefenta yadda ta saba, ba kowa a wurin. Sai ta juya ta fuskanci rumfar, ta ɗora butar a kafaɗa bakinta na nuna watan ta baya, leɓunanta na motsi da addu'a. Ta san ba zai gan ta ba. Na kawar da kai don abin ya taɓa ni.

Jira ya yi yawa. Magaji ya gyara murya.

"Baba Tsoho, komite na saurare. Mi ka gani?"

Muryar Tsoho ta fito daga ƙarƙashin bargo. "Mudi, guda nawa ya kamata in gani?"

"Ɗaya, Baba."

"Goma sha takwas nike gani."

Wakilan jam'iyyu suka miƙe suna gaisawa, kowa ya samu watansa. Wani har ya fara tambaya ko jam'iyyarsu za ta iya ɗaukar azumi da nata watan ba sai ta jira na sauran ba. Mudi ya dafe kai yana lissafin ƙusoshi.

"Kuma kowane yana riƙe da buta," in ji Tsoho.

Zanen ya ɗaga, ya fito yana laluben iska, ya nufo yamma. Na taro shi na kama masa hannu. Ashe gilashin marigayi mushe ya dace da idonsa, madubai kuma da suka sunkuya ba sama suke kallo ba, bakin jigawa suke kallo, daidai inda Gogo ke tsaye.

Ya tsaya a gabanta. A fili ba ya ganin komai sai inuwa, amma ya san inda fuskar take.

"Ke," ya ce a hankali, "haƙorinki na gaba fa?"

"Ya fita, Malam."

"Yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan. Damanar da rumbu ya faɗi."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Mi za ka yi da shi in na faɗa?"

Magaji ya iso da jama'a a bayansa, ya ce komite na buƙatar amsa a fili, an ga wata ko ba a gani ba. Tsoho na iya karɓar butar nan ya shafa bakinta ya miƙa yatsa, kuma na rantse ba wanda zai gane, ga ta ma Gogo ta fara miƙo masa. Ya mayar da hannunsa baya.

"An gani," ya ce. "Amma ba ni na gani ba. Bara ma ba ni ba ne. Shekara bakwai ban ga wata ba, ban ga kowa ba. Ga mai ganinsa nan, ku tambaye ta."

Gogo ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗaga butar sama. Kawuna ɗari uku suka bi bakin buta, sai ga wata, yana nan inda yake tun ɗazu. Liman ya yi kabbara, mai ganga ya buga.

Ba a sauka daga jigawa ba sai da aka kafa sabon komite da zai binciki azumi bakwai da suka wuce. Magaji ya sanar cewa daga yau an soke muƙamin mai duban wata har sai an yi zaɓe. Wani ya naɗe tabarmar da aka shimfiɗa wa Tsoho ya saɓa a kafaɗa, a gabansa, ko kunya babu. Jama'a suka gangara gari ana gardama. Na ji haushi har na rasa wanda zan zaga, sai na zagi san amalankena.

Mudi ya fara kwance rumfa, yana cewa gobe zai ɗaure ƙusoshin da kyau. Tsoho ya ji ƙarar leda ya juya.

"Mudi, dakata. Kada ka taɓa ƙusa ko ɗaya."

"Baba, ai sun karkace."

"Bar su yadda suke." Ya laluɓo hannuna. "Bakari, mayar da ni ciki, da sauran haske."

Na kai shi bakin rumfa. Kafin ya sunkuya ya waiwayo wajen da yake jin Gogo take.

"Koma inda kike tsaye ɗazu," ya ce. "Ki sauke mayafin nan daga bakinki."