Tayoyin Padam Singh da Ƙafar Badal

Na faɗa masa da safe muna shan shayi, na sake faɗa masa a bakin motar Jodhpur yana ɗora ƙafa: taya mai ludayi shida, kada ya wuce haka. Padam Singh ya ce ya ji, har da kaɗa mini hannu ta taga kamar mai korar ƙuda.

Ɗan wan babana ne, ya girme ni, kuma tare muka mallaki babura biyu masu ƙafa huɗu da muke yawo da baƙi 'yan yawon buɗe ido a tuddan yashin ƙauyenmu Sam, kusa da garin Jaisalmer. Tun bayan bikin Diwali da baƙi suka cika sansanoni, abu ɗaya ke cin ransa. Baburan maƙwabtanmu suna hawa babban tudu har ƙoli, namu kuwa a rabin hanya suke haƙa wa kansu rami, sai mu sauke baƙo mu tura. Su sun sa tayoyin yashi a baya, masu ludayin roba a jere da ke kwasar rairayi suna watsawa. Mu muna nan da tayoyin hanyar dutse.

Ban ƙi a saya ba. Amma injinmu ƙarami ne, kuma kowane ludayi yashi yake ɗiba, injin ne zai ɗauki nauyin. In suka yi yawa, tayar za ta kama ƙasa ta ƙi juyawa, sai ihu ba tafiya.

Da ya dawo ya sauke tayoyin a tsakar gida, ludayi goma na ƙirga a kowace, tsayin kowanne ya kusa tafin hannu. Wai mai shagon ya ce irin su ake hawa da su a Dubai, kuma na maƙwabtanmu takwas ne kawai.

Na ce, "Bhai-sa, babban yaya, injin Dubai ka sayo tare da su?"

Ya ce, "Bhanwar, kai fa tun kana yaro jaki ma sai an riƙe maka. Ɗauko sifana."

Na ce a mayar a canjo. Ya ce ba zai koma Jodhpur ya tsaya gaban ɗan kasuwa ya ce ƙanensa ya aiko shi ba. Muka yi ta sa-in-sa har matarsa ta ajiye mana gurasar gero da albasa ta koma ciki. A ƙarshe na ɗaura masa su a baburinsa, raina a ɓace, na ce nawa dai ba za su taɓa shi ba.

Da la'asar ya fita gwaji, kuma sai da ya zaɓi lokacin da tudu ya cika da masu jiran faɗuwar rana. Mu da masu raƙuma muna da tsohuwar yarjejeniya: gefen gabas na babura ne, gefen yamma na raƙuma. Padam ya fara ta gabas. Baburin ya tashi da gurnani, ya yi nishi, ya mutu tun bai kai inda tsofaffin tayoyinmu ke kaiwa ba. Masu raƙuma suka kwashe da dariya. Ɗayansu ya ɗaga murya ya tambaye shi ko a kawo masa igiya da raƙumi a ja shi.

Na san fuskarsa in ya ji kunya. Na tare shi a ƙasa na ce ya bari sai gobe da sassafe, babu kowa. Ya ture hannuna, ya ja baya da nisa, ya taho a guje, ya karkata zuwa yamma inda gangaren ya fi sauƙi.

A daidai lokacin tsoho Mehrab Khan yana saukowa da raƙuminsa, Badal, bayan ya kai baƙi sama. Mehrab abokin marigayi babana ne, Chacha nake kiransa, wato baffa, kuma duk gidansa a bayan raƙumin nan suke ci. Baburin ya sake nutsewa 'yan taku kaɗan a gabansu. Maimakon ya kashe, Padam ya murɗa mai har ƙarshe. Tayoyin suka fizge, suka watso yashi kamar bango a fuskar Badal. Raƙumin ya yi ruri, ya ƙwace igiya, ya faɗa ta inda tudun ya fi tsaye. Ƙafarsa ta gaba ta lume, jikinsa ya wuce. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashin.

Lokacin da na isa, Mehrab yana durƙushe ya rungume wuyan Badal, rawaninsa ya warware a yashi, tafin hannunsa duk jini inda igiya ta yanke shi. Padam ya ƙaraso yana kakkaɓe wando, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne wai laifin tayar ne. Hannuna ya ɗaga da kansa. Ban mare shi ba, don yayana ne kuma idon jama'a na kanmu, amma na zare makullin baburin na sa a aljihu, ban kuma ba shi ba duk ashar ɗin da ya yi ta zuba mini.

Likitan dabbobi ya zo daga Jaisalmer ya ɗaure ƙafar da gora. Ya ce wataƙila ta haɗe, amma Badal ya gama ɗaukar mutum.

Da dattawan gari suka sa ranar zama, baffana, mahaifin Padam, ya kira ni ya ce in riƙe bakina, mutuncin gida ya fi raƙumi. Na tashi na fita. A gindin bishiyar da ake zama, Padam ya ɗora laifi kan mai shago, sannan kan raƙumin, wai ya tsufa ga tsoro. Sai ya juyo ya ce ai ni na ɗaura tayoyin, na cika musu iska fiye da ƙima. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi abin da na ce masa kafin ya tafi, da abin da ya sayo, da yadda na tare shi a gindin tudu ya ture ni. Baffana ya kafe ni da ido, ni ma na kafe shi.

Aka ba Mehrab dama. Ya dubi hannunsa da ke naɗe da tsumma.

Ya ce, "Ni ban san taya ba. Na dai san hanyar da nake bi tun kafin a haifi wannan. Padam, ka gan ni ko ba ka gan ni ba?"

Padam ya sunkuyar da kai.

"Ka gan ni. Dariyar yara ce ta fi maka ciwo."

Dattawa suka yanke cewa baburin Padam ba zai sake taka tudu ba har baƙin bana su ƙare, kuma ciyar da Badal ta koma wuyan gidanmu har ya tashi. Padam ya kai harawa sau biyu ya daina, wai bayansa na ciwo. Ni na ci gaba da kaiwa, ina tafe ina zaginsa a zuci. A makon nan na raba hannun jari da shi, na ja baburina zuwa wata rumfa. Baffana bai sake amsa gaisuwata ba. A bikin 'yar Padam an kira ni, na je, amma ba mu ci a faranti ɗaya ba.

Badal ya miƙe da shigowar zafi, yana ɗingishi. Mehrab ya ƙi sayar da shi, bai kuma da halin sayen wani. Da sanyi ya zagayo, babban ɗansa Ilamdin, magidanci mai 'ya'ya uku, ya same ni a rumfa ina canja mai. Ya tsaya yana murza gefen rigarsa, sannan ya tambaya ko ina neman direba.

Na ce, "Chacha Mehrab ya sani?"

Ya ce ya sani, da ya faɗa masa sai tsohon ya tashi ya tafi wajen raƙumin.

Na goge hannuna, na nuna masa inda birki yake.