Motar da Injiniya Ya Bari

Ƙafafun Sista kaɗai ake gani a ƙarƙashin motar, cikin silifas ɗin roba, lokacin da cokali ya sake buga ƙarfen taga.

"Ba wannan ba, Sista. Na hagunki."

"Kana kwance a ɗaki, ina ka san wanda na kama?"

"Da ƙararsa na gane."

Ta saki notin, ta laluba na hagu, baƙin mai ya ɗigo mata a goshi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya, kuma a duk tsawon shekarun babu likitan da ya taɓa yi mata gyara da cokalin shayi.

Injiniya maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba su. Ba injiniya ba ne, ma'aikacin gidan waya ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a kan wasiƙu. 'Yan layin ne suka laƙa masa sunan, saboda shekara goma sha tara ke nan yana gyaran mota guda ɗaya, doguwa koriya mai zagayayyun fitilu, wadda ya gada daga wansa. Ya yi mata fenti sau uku. Ya ɗinke kujerunta da hannunsa. Kowace safiya yana goge ta kamar za a zo ganin amarya. Abu ɗaya ne motar ba ta taɓa yi ba, shi ne tashi.

Da ciwon ya kwantar da shi, likita ya kira iyalinsa waje ya yi musu maganar makonnin da suka rage masa, sai Injiniya ya sa aka juya gadonsa ya fuskanci tagar da ke kallon gareji. Ya kira matarsa da 'yarsa da Sista, ya sanar cewa motar ta Sista ce daga yau. 'Yar, wadda ta riga ta nemo lambar masu sayen tsohon ƙarfe, ta yi ajiyar zuciya har kafaɗunta suka sauka. Sista ta tambaye shi laifin da ta yi masa. Ya ce ita kaɗai ce a layin nan ba ta taɓa yi masa dariya ba. Ba ta gaya masa cewa a cikin gida take yin tata ba, bayan ta rufe ƙofa. Ya ƙara da cewa hannun da ya iya juyo jariri a ciki ba zai gaza kaiwa bayan inji ba, kuma abin da yake roƙo guda ne: ya ji muryar motar kafin ya tafi.

Wannan roƙon ne ya sa ta a ƙarƙashin mota kwana tara.

A rana ta goma ya aike ta wurin mutanensa. Ashe akwai ƙungiyar masu tsofaffin motoci da ke haɗuwa kowace Asabar da safe a filin bayan wani tsohon sito. Ta same su su goma sha biyu, kowa tsaye kusa da motarsa da tsumma a hannu, ƙaraminsu ya haura sittin. Shugabansu tsohon likitan haƙori ne, gajere mai tabarau, yana leƙa injin kowa da irin fuskar da yake leƙa bakin mutane. Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa dokarsu ɗaya ce, ba a rubuta mota a littafin ƙungiya sai ta shigo ƙofar filin da ƙafarta. Injiniya, in ji shi, shekara goma sha tara yana zuwa a ƙasa, shi ne ma sakatare, tunda shi kaɗai ne hannunsa ke da tsabtar riƙe biro, amma sunan motarsa bai taɓa shiga littafin da yake riƙewa ba.

Da ta faɗa musu halin da yake ciki, tsummokara suka tsaya. Washegari shida daga cikinsu suka cika garejin.

Nan Sista ta gane cewa dangin mai naƙuda ma suna da dama-dama. Ɗaya ya ce batir ne. Ɗaya ya ce wanda ya ce batir ne bai san mota ba. Wani dogo mai gemu ya rantse cewa fulogan ba na asali ba ne, ya kwance su, ya manta wanne ya fito daga ina. Shugaba ya sa aka yi shiru, ya ɗora kunne a kan bonet na tsawon lokaci, sannan ya miƙe ya ce lallai akwai matsala. Duk wannan cokali na ta bugun taga ba hutu. Da la'asar ta yi, Sista ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta yi musu abin da ta saba yi a ƙofar ɗakin haihuwa: ta ce kowa waje, za a kira su in an sauka. Suka fita a jere, har da Shugaba, suna ci gaba da gardama a bakin titi.

Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, da littafin motar a buɗe a kan kujera. Mai yana zuwa. Batir na da ƙarfi. Injin yana juyawa, yana tari, amma wuta ba ta kaiwa ga fulogai. Ta wanke hannu ta shiga ɗakin.

Ya rame sosai a kwanakin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta duba bugun hannunsa don sabo, ta gyara masa matashi, sannan ta gaya masa abin da ta gano. Ya jira har matarsa ta fita ɗora ruwan zafi. Sai ya ce ta buɗe durowar gefen gado, ta ɗauko safa mai ruwan toka da ke can ƙurya. A cikin safar akwai wani ɗan baƙin abu, bai fi babban yatsa ba, sabo fil. Shi ne ke raba wuta ga fulogan. Wanda ke cikin motar matacce ne, kuma Injiniya ne ya sa shi da hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha shida."

Ta zauna a bakin gado da safar a hannu. Ya kalli silin, ya ce a shekara ta uku ya gama gyaran tsaf. Ya zauna a kujerar direba da makulli a hannu, sai ya tuna in ta tashi dole ya tuƙa ta zuwa filin, a gaban mutum goma sha biyu.

"Ban iya tuƙi ba, Sista. Ko keke ban iya ba."

Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta cije leɓe, ta kalli kwalaben magani, ta tuna mutumin nan ba shi da lafiya. Dariyar ta ƙwace mata duk da haka, a gabansa, karo na farko. Shi ma ya yi, a hankali, yana riƙe haƙarƙarinsa. Da ya huta ya ce da farko kunya ce ta hana shi faɗa, daga baya kuma ya ga in an gama gyara, mutum ya tashi da safe ya yi me? Ya roƙe ta kada ta gaya wa Shugaba.

Matarsa ta shigo da kofi a faranti, ta ga safar, ta ce ai da an tambaye ta da an huta, ita ke ɗaga safar nan duk wata in za ta goge durowa. Kuma wace mata ce za ta zauna da miji shekara arba'in yana kai ta unguwa a motar haya, ba ta gane ba?

Minti biyar aikin ya ɗauki Sista. Ta murɗa makulli, motar ta yi tari biyu, ta girgiza kamar mai tashi daga dogon barci, ta kama. Hayaƙi ya cika garejin ya fita titi, kajin maƙwabta suka watse. Tsofaffin da ke waje suka rugo, kowa na cewa ai shi ya faɗa. Sista ta leƙa ta taga. Injiniya ya rufe ido, hannunsa a kan ƙirji, cokalin ya zame kan bargo. Ta ɗauka barci ne, sai ya buɗe ido ɗaya ya ce ƙarar ta yi sama kaɗan, a rage.

Kwana uku ya ƙara. Kowace safiya tana tayar masa da ita minti goma. Ranar Laraba da hantsi, matarsa ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Sista, zo ki duba min shi." Daga muryar Sista ta gane. Ta je ta duba, ta rufe masa ido, ta riƙe hannun matar har 'yar ta iso. Mutanen ƙungiya duk sun zo rakiyar gawa, babu wanda ya yi gardama da kowa.

Asabar ta biyu bayan rasuwar, Sista ta fito da motar. Ita ta iya tuƙi, ta sha jan motar asibiti in direba ya ɓace. Matar Injiniya ta fito da jakarta ba tare da an gayyace ta ba, ta zauna a gaba, ta ce shekara goma sha tara tana shanya a bayan motar nan, yau sai ta ga inda take zuwa. Suka bi titi a hankali, masu babur na wuce su suna waiwaye.

Saura taku ashirin su shiga ƙofar filin motar ta yi shaƙuwa ta mutu. Sista ta murɗa, ta sake murɗawa. A cikin hidimar kwanakin nan babu wanda ya tuna da zuba mai.

Mutum goma sha biyu suka tsaya suna kallo daga ciki. Shugaba ya dubi motar, ya dubi matar da ke zaune a gaba da jaka a cinya. Sai ya cire tabaransa, ya juya baya, ya ce wani abu ya faɗa masa a ido, kuma in ba tabarau ko giwa ba ya gani. Tsofaffi goma sha ɗaya suka sa kafaɗa, da nishi da kukan ciwon gwiwa, suka turo ta ciki. Da ya mayar da tabarau ya ce ya ga mota a cikin fili, yadda ta shigo kuwa bai ga wani abin ƙorafi ba. Ya buɗe littafi ya rubuta ta. Kafin Sista ta fito daga mota an zaɓe ta sakatare, ta nuna musu baƙin man da ke ƙarƙashin farcenta, suka ce an wuce wurin.

Dogon mai gemu ya ba su mai a galan, suka dawo gida da azahar. Sista ta shigar da motar garejin, ta kashe. Ta buɗe ƙofarta, sai ta ga matar ba ta motsa ba.

"Yaya, mun iso."

"Na sani. Je ki, zan fito."

Sista ta tsaya a bakin garejin tana goge hannu. Matar na zaune, jakarta a cinya, tafin hannunta a kan kujerar direba, injin yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.