Man Shanun Ammi

Ƙanena Jahanzeb tun yana yaro jininsa ba ya tsayawa. Haƙori kawai ya fita, sai mu kwana uku a asibiti. Ƙarin jinin da aka yi ta yi masa ne ya sa masa ciwon hanta, kafin ya kai talatin ta lalace. Wata likita a Lahore ta ce in aka dasa masa ɓarin hantar wani na jikinsa zai rayu, har ciwon jinin ma sabuwar hantar na iya raba shi da shi.

Ni aka gwada, na dace. A gaban dangi na bugi ƙirji na ce, "Ku yanka, ai duk tasa ce!" Ji baki.

Likitar ta ja ni gefe. "Mudassar sahib, akwai ɗan kitse a hantarka. Sati shida, ba maiƙo ba zaƙi. In ya ƙaru, ba za mu taɓa ka ba."

Ban faɗa wa kowa ba.

A gidanmu na Sahiwal, wanda za a yi wa aiki ɗura ake masa. Mahaifiyarmu, Ammi, ta aika ƙauye aka kawo man shanu gwangwani guda. Da safe gurasar paratha tana ɗigar mai, da rana halwa, alawarmu mai zaƙi da maiƙo.

"Ci, ɗana," in ji ta, "kada su yanka ka kana kamar sillen kara."

Na ci. Wallahi har ƙari na nema, don tsoron wuƙar nan ya gama cika min ciki.

Ranar gwajin ƙarshe likita ta duba hoton hantata ta ce, "Me kake ci?" Ammi ta karɓe zancen, tana lissafawa da alfahari. Da aka yi mata bayani cewa kitsen ya ƙaru, ba za a taɓa ni ba, sai ta zame ta zauna a ƙasa. Likitar ta dube ni, ta daɗe, ba ta tona ni ba.

Shagufta, matar Jahanzeb, ita ta bayar da ɓarin tata hantar, ga 'ya'ya biyu ƙanana. An dace, sun tashi dukansu.

Ranar da aka bari muka shiga wajensu, Ammi ta kama ƙafafun Jahanzeb tana kuka. "Ka yafe min, jahilcina ya kusa kashe ka."

Ya juyo gare ni. "Bhai jan, yayana, ka ce ta bari mana. Ai ba ta sani ba."

"Ba ta sani ba," na ce, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ammi ta miƙe ta shafa kaina. "Kai ma ka yafe min, ɗana. Ni na hana ka ladan."